Tarihin Zanen Da'irar Lantarki da Na'urar Ƙara Muryar Rediyo a Sana'ar Gyara

Sana'ar gyaran kayan lantarki, wadda ta faro daga wayar tangaraho ta biyo ta kan rediyo da talabijin har ta iso ga wayar salula, ta dogara ne tun asalinta a kan wata irin takarda da ba kowa yake iya karanta ta ba, wato zanen da'ira. Abin da ake nufi da da'ira a nan shi ne hanyar da lantarki yake bi ya fita daga batir ko wani tushe, ya ratsa ta cikin sassan na'ura, sannan ya komo inda ya fito, domin idan hanyar ta yanke a ko'ina aiki ya tsaya. Zanen da'ira kuwa shi ne bayanin wannan hanya a kan takarda ta amfani da alamomi da layuka, kuma ba ya nuna siffar sassan ko wurin da kowanne yake zaune a cikin akwati, abin da yake nunawa kawai shi ne wane sashe yake haɗe da wane. Ya yi kama da salsalar dangi, wadda take faɗin wanda ya haifi wani amma ba ta faɗin unguwar da kowa yake zaune. Tarihin wannan zane yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin wata ƙaramar na'ura mai ƙafafu uku da ake kira fotenshiyomita, wadda masu gyara suka fi sani da boliyum saboda ita ake murɗawa a ƙara muryar rediyo ko a rage ta, kuma kusan duk mai koyon sana'ar a kanta yake fara gane bambancin da ke tsakanin haɗa waya da ka da kuma haɗa ta da sani.

Kafin a iya zana da'ira sai da aka fara samun lantarkin da yake kwarara ba yankewa, kuma wannan bai samu ba sai a shekarar 1800 lokacin da Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya bayyana batirinsa na farko. Bayan shekaru 27, wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Georg Simon Ohm, wanda yake koyarwa a birnin Kolon, ya wallafa littafin da ya tabbatar da dangantakar abubuwa uku: ƙarfin da yake tura lantarki, wanda ake aunawa da bolt, da yawan lantarkin da yake kwarara, da kuma turjiya, wato ƙin ba da hanya da waya ko wani abu yake yi wa lantarki. Masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba, sai a 1841 ne ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, daga baya kuma aka sa wa ma'aunin turjiya sunansa. A 1845 Gustav Kirchhoff, yana ɗalibi a lokacin, ya ƙara ƙa'idoji biyu da suke bayyana yadda lantarki yake rarrabuwa a mahaɗar wayoyi da yadda ƙarfinsa yake kasuwa a zagayen da'ira. Waɗannan ƙa'idoji ne suka sa zane ya zama abin da za a yi lissafi a kansa, domin sun nuna cewa tsawon layi a takarda da lanƙwasarsa ba su da wani tasiri, haɗuwar sassa ita ce komai.

A cikin wannan zamani ne fotenshiyomita ta bayyana, kuma ba don ƙara murya aka ƙirƙiro ta ba, tunda babu rediyo a lokacin. A 1841 Johann Christian Poggendorff, wanda ya shafe fiye da shekaru hamsin yana shugabantar babbar mujallar kimiyyar fiziya ta Jamus, ya fito da wata dabara ta auna ƙarfin batir ba tare da an zuƙi lantarki daga cikinsa ba. Ana miƙe doguwar waya mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a haɗa bakunanta biyu da batirin da aka san ƙarfinsa, ta yadda ƙarfin zai riƙa raguwa daidai wa daida a tsawon wayar, sannan a ɗauko batirin da ake son aunawa a haɗa shi da wani ɗan harshen ƙarfe da ake ja a kan wayar, har sai an kai wurin da allurar ma'auni ta tsaya cik ba ta karkata ko'ina ba. A wannan wuri ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi daidai, kuma tsawon wayar da aka ci shi ne amsar. Shekaru biyu bayan haka Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana wata na'ura 'yar'uwarta da ya kira riyostat, wadda take da ƙafafu biyu kawai, aikinta kuma shi ne ƙara turjiya ko rage ta domin a sarrafa yawan lantarkin da yake wucewa. Bambancin waɗannan na'urori biyu, ɗaya tana raba ƙarfi ɗaya tana tauye kwarara, shi ne har yau yake rikita masu koyo, saboda ƙaramar na'urar da ake saya a kasuwa tana iya yin kowanne daga cikin ayyukan biyu gwargwadon yadda aka haɗa ƙafafunta.

Kamfanonin tangaraho ne suka fara fitar da zanen da'ira daga ɗakunan bincike zuwa hannun ma'aikata, musamman bayan layin Samuel Morse na 1844 tsakanin Washington da Baltimore da kuma wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika wadda ta yi aiki mai ɗorewa a 1866, domin wanda aka tura ya gano inda waya ta lalace a tazarar ɗaruruwan mil ba shi da abin dogaro sai zane da ma'auni. Zanen farko-farko hotuna ne na zahiri, ana zana batir da kwalbarsa, ana zana naɗin waya da dukan lauje-laujensa, amma yawan aiki ya tilasta aka riƙa taƙaitawa har hoto ya koma alama. Batir ya zama gajeren layi da dogon layi a jere, kafasita, wato sashen da yake tara lantarki na ɗan lokaci, ta zama layuka biyu masu fuskantar juna, rizista kuma, wato sashe mai turjiya tsayayya, ta zama layi mai zigzag. Hukumar daidaita ma'aunan lantarki ta duniya da aka kafa a Landan a 1906, wadda Lord Kelvin ya zama shugabanta na farko, ta yi ƙoƙarin haɗa kan alamomin, amma har yau akwai salo biyu: Turai tana zana rizista a matsayin ɗan dogon akwati, Amurka kuma ta riƙe zigzag ɗinta. A kowane salo, idan aka ga kibiya ta taɓa tsakiyar alamar rizista, to fotenshiyomita ce, kibiyar kuma ita ce harshen nan na Poggendorff.

Rediyo ce ta mayar da karatun zane abin da gama-garin mutane suke nema. Bayan John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul a 1904, wato kwalbar da aka zuƙe iskarta wadda take barin lantarki ya bi ta hanya ɗaya, Lee de Forest kuma ya ƙara mata ƙafa ta uku a 1906, sai aka samu hanyar ƙarfafa siginar da ta yi rauni. Hugo Gernsback ya fara mujallar Modern Electrics a New York a 1908, mujallar Wireless World ta fito a Ingila a 1913, ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka kuma, wadda aka kafa a 1914, ta fara fitar da QST a 1915. Lokacin da tashar KDKA ta Pittsburgh ta fara watsa shirye-shirye a 1920, BBC kuma ta biyo baya a 1922, akwatin rediyo na kamfani yana da tsada ƙwarai, don haka dubban samari suka riƙa sayen sassa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaure su a kan allon katako suna bin zanen da mujalla ta buga. Waɗannan mujallu ne suka zaunar da al'adun zane da ake bi har yanzu, wato sigina ta shigo daga hagu ta fita ta dama, layin wuta ya kasance a sama, layin ƙasa, wanda shi ne mahaɗar da ake auna dukan sauran wurare da ita, ya kasance a ƙasan takarda, sannan a sa ɗigo a inda wayoyi biyu suka haɗu, a bar su ba ɗigo, ko a yi wa ɗaya ɗan tsallake, a inda suka gitta juna kawai. Wannan ɗigo ƙarami ya jawo asara mai yawa, domin idan tawada ta dushe ko injin buga takarda ya haɗiye shi, mai haɗawa zai raba abin da ya kamata ya haɗa.

Rediyoyin farko ba su da boliyum irin na yau. Ana rage murya ne ta hanyar riyostat da yake tauye lantarkin da yake ɗumama zaren bawul, abin da yake sa murya ta ragu amma kuma ta gurɓace. Da na'urori suka inganta, musamman bayan Harold Wheeler ya fito da dabarar da take daidaita ƙarfin sigina da kanta a tsakiyar shekarun 1920, sai aka koma ga sa fotenshiyomita a bakin sashen ƙara sauti, kuma tsarin da aka zauna a kansa a lokacin shi ne wanda kowane ɗalibi yake koya yau. A cikin na'urar akwai wata hanya mai siffar kofaton doki da aka shafe da garin kabon, bakunanta biyu su ne ƙafafun gefe, ƙafar tsakiya kuma tana haɗe da harshen da yake gogar hanyar idan an murɗa sanda, wadda take juyawa kimanin digiri 270 zuwa 300. Sigina tana shiga ta ƙafar gefe ɗaya, ɗaya ƙafar gefen tana tafiya layin ƙasa, abin da za a ƙarfafa kuma ana ɗaukarsa daga ƙafar tsakiya, saboda haka idan harshen ya matsa kusa da ƙafar shiga murya ta ƙaru, idan ya matsa kusa da ƙasa ta mutu. Idan aka ɗora na'ura mai turjiyar om 10,000 a kan batir mai bolt 9, turjiyar da ke tsakanin ƙafafun gefe za ta zauna om 10,000 ko yaya aka murɗa sanda, amma ƙafar tsakiya za ta ba da kowane ƙarfi daga sifiri zuwa bolt 9, kuma bolt 4.5 idan harshen yana tsakiyar hanya mai turjiya daidai. Wanda ya musanya ƙafafun gefe bai ƙona komai ba, sai dai boliyum ɗinsa zai yi aiki a baibai. Wanda ya yi amfani da ƙafar tsakiya da ta gefe ɗaya kawai ya mayar da ita riyostat, kuma a nan ne haɗari yake, domin idan ya murɗa har turjiya ta koma sifiri lantarki zai wuce ba shamaki ya ƙona ɗan ƙwan fitilar da ke gaba ko ita kanta hanyar kabon ɗin, wadda galibi ba ta ɗaukar ko da wat ɗaya. Dalilin da ya sa tsofaffin zane suke sa rizista tsayayya a jere da ita ke nan, kuma suke ɗaure ƙafar da ta rage da ta tsakiya, domin ko harshen ya daina taɓa hanya da'ira ba za ta yanke gaba ɗaya ba.

Akwai kuma wani darasi da masu ƙera rediyo suka koya daga kunnen ɗan Adam. Tun a 1860 Gustav Fechner ya bayyana cewa gaɓoɓin ji ba sa amsawa daidai da ƙaruwar abin da ya same su, sai ƙarfin sauti ya ninka sau da yawa kafin kunne ya ji kamar ya ninka sau biyu. Saboda haka boliyum mai turjiya daidai daga farko zuwa ƙarshe yakan sa murya ta yi tsalle da zarar an fara murɗawa, sauran juyin kuma ya zama kamar ba ya yin komai. Maganin da aka samu shi ne a shafa kabon ta yadda a tsakiyar juyi harshen bai ci fiye da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na turjiyar ba. Kamfanonin Japan da na sauran ƙasashen Asiya suna sa harafin A a kan irin wannan, harafin B kuma a kan mai turjiya daidai, amma wasu tsofaffin kamfanonin Turai sun yi amfani da haruffan ta wata hanya dabam, don haka ƙwararren mai gyara ba ya yarda da harafi sai ya sa sanda a tsakiya ya auna da mita. A ɗaya gefen kuma asalin aikin aunawa bai ɓace ba, domin a 1940 Arnold Beckman na Kalifoniya ya ƙera wata iri mai naɗaɗɗiyar waya wadda sandarta take juyawa sau goma, kuma na'urorin hango jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu sun yi amfani da ita sosai.

Abin da ya fi ɗaukaka sana'ar gyara a ƙarni na 20 shi ne yadda zane ya kasance a buɗe ga kowa. Kamfanoni da yawa suna manna zanen da'ira a cikin murfin akwatin rediyo, kayan Tarayyar Sobiyet kuma sukan zo da nasu zanen a cikin takardun da mai saye yake karɓa. A Amurka John F. Rider ya riƙa tattara zanen kamfanoni yana buga su cikin manyan littattafai tun daga farkon shekarun 1930 har suka haura juzu'i ashirin, a 1946 kuma Howard W. Sams ya fara jerin Photofact, inda ma'aikatansa suke sayen na'ura su warware ta su bi kowace waya su zana ta, har da rubuta ƙarfin da ya kamata mita ta nuna a kowace ƙafa. Wannan bayani na ƙarshe shi ne ya sauya gyara daga lalube zuwa bincike, domin mai gyara yana iya gwada abin da ya samu da abin da ya kamata ya samu, ya bi sigina mataki-mataki har inda ta ɓace. Zanen yana kuma kare rai, saboda yawancin rediyoyin bawul masu araha ba su da taransifoma, jikinsu na ƙarfe yana iya ɗaukar wutar gida kai tsaye, kuma kwalbar tsohuwar talabijin tana riƙe da wuta mai haɗari ko bayan an kashe ta. Zuwan tiransista, wadda ta maye gurbin bawul, daga ɗakin binciken Bell a 1947, da rediyon tiransista ta Regency a 1954 da ta Sony a 1955, ya rage girma da haɗari, amma bai rage buƙatar zane ba. Kamfanin Heathkit ya sayar da kayan haɗa-da-kanka tun daga 1947, littafin Forrest Mims na 1983 kuma, wanda ya rubuta ya kuma zana da hannunsa, ya sami masu saye fiye da miliyan ɗaya.

A ƙasar Hausa rediyo ta fara shigowa ne ta waya. Tsarin da gwamnatin mulkin mallaka ta fara a Legas a shekarun 1930 ya iso Kano a 1944, kuma abin da ake kai wa gidaje da dandali lasifika ce kawai da aka ja mata waya daga tasha, ba a iya sauya mata tasha, babu kuma abin gyara mai yawa a cikinta. Sana'ar ta kafu ne sosai bayan BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna kuma ya buɗe a 1962, a daidai lokacin da rediyon tiransista mai aiki da batir ta yi arahar da manomi da makiyayi da ɗan tireda za su iya saye. Ko da yake akwai makarantun fasaha, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda ta samu wannan matsayi a 1968, akasarin masu gyara a rumfa suka koya, inda yaro yake zama gaban maigidansa shekara da shekaru yana ɗumama ƙarfen dalma, yana cire sassa daga matacciyar rediyo, yana kallon hannun maigida. Ƙurar hunturu ta sa boliyum ya zama daga cikin abubuwan da aka fi kawowa gyara, domin idan ta shiga tsakanin harshe da kabon sai rediyo ta riƙa ƙarƙara duk lokacin da aka murɗa, kuma wanke shi da sifirit ko canza shi yana cikin ayyukan farko da ake sakar wa yaron shago. Gwanintar da aka samu ta wannan hanya gwaninta ce ta gaske, akwai masu gyaran da suke gane ciwon rediyo daga irin kukanta, amma tana da iyaka bayyananniya, domin wanda ya haddace fanel ɗin samfuri ɗaya yakan koma ɗan koyo idan aka kawo masa sabon samfuri, alhali mai karanta zane yana ganin da'irar da ya riga ya sani a cikin sabon akwati. Zanen da kansa ba ya isowa rumfa sau da yawa, idan ma ya iso bayaninsa da Turanci yake.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 al'amarin ya juya. Sassa sun ƙanƙance har sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, da'irori masu yawa sun shige cikin gutsure ɗaya, boliyum mai murɗawa ya ba wa maɓalli wuri a talabijin da waya, kamfanoni kuma suka daina sakin zanensu suka mayar da shi sirrin ciniki. Bayan zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, kasuwanni irin su Farm Centre a Kano sun cika da matasa masu gyara, waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinsu kuwa galibi su ne suke neman zanen waya ta intanet ko suke biyan kuɗin manhajojin da suke tara shi. Rashin adalcin ɓoye zane ne ya haifar da fafutukar 'yancin gyara, wadda ta kai ga Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera talabijin da firji da injin wanki samar da sassan gyara da bayaninsu tun daga 2021, jihar New York kuma ta sanya hannu kan dokarta a 2022. Ita fotenshiyomita ba ta mutu ba, tana nan a injin haɗa sauti na masallatai da wuraren taro, da jita, da ma'aunin man mota, kuma allon Arduino da aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai yana fara darasinsa na aunawa da ita: ƙafar gefe ɗaya a bolt 5, ɗayar a ƙasa, ta tsakiya a bakin shiga, kwamfuta kuma ta nuna lamba daga 0 zuwa 1023. Alamomin da mai koyo yake buƙata domin ya fara karanta zane ba su wuce 'yan kaɗan ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba za a iya bayyana shi da Hausa ba, saboda haka ya kamata ƙungiyoyin masu gyara da makarantun koyon sana'a su sa karatun zane da amfani da mita a cikin abin da ake koya wa yaro tun watanninsa na farko a shago, kafin a damƙa masa ƙarfen dalma.